Ratar da Ta Hana Shi Bari

A unguwar babu mai kiransa kafinta, Mai Rata ake ce masa. Dalili kuwa, tunda yake bai taɓa haɗa allon katako biyu baki da baki ba. In zai kafa bango ko silin, sai ya soka ƙusa tsakanin falle da falle, ya bar ratar kaurinta, sannan ya bi ya cike da danƙo mai laushi, ya shafe da babban yatsa. Masu gida kan yi ƙorafi su ce aikin kamar mai wushirya. Shi kuwa sai ya ce katako mai rai ne ko an sare shi, da damina yana shan laima ya kumbura, in bai sami wurin miƙe ƙafa ba sai ya ture ɗan'uwansa.

Mutum ɗaya ce bayanin nan bai taɓa shiga kunnenta ba: matarsa. Ɗakinsu na katako ne, shi ya kafa shi da hannunsa. Tana da wurin zamanta a bakin gado, inda takan jingina kai daidai mahaɗar alluna biyu tana ɗinki.

"Maigida, iska na shigowa ta nan."

"Ta danƙona? Kin dai fi son ki ja ni da magana."

"To, wuyana ne ke ƙarya ke nan."

Haka suka tsufa suna wannan musu, har ya zame musu abin hira.

Da ciwon ƙirji ya kama ta, musun ya daina ba shi dariya. Ta rame, bargo biyu ba sa isarta. Wata safiya ta ce, "Don Allah ka matse mini allunan nan. Sanyi nake ji." Bai yarda akwai wata iska ba, kuma ya san abin da damina za ta yi. Amma ya ɗauko guduma, ya ciro allunan, ya kankare danƙon, ya matse su gam, ya toshe ragowar ratar da ta fita a lungu. Ta shafa mahaɗar da yatsa, ta ce, "Ka ga yanzu ya yi kyau."

Ba ta ga damina ba.

Abin da ta bari a ɗakin bai fi tabon man gashinta ba, wani duhu kamar faɗin tafin hannu, rabi a wannan allo, rabi a wancan. Kullum da hantsi yakan zauna yana kallonsa. Kewarta ta cinye shi, har aiki ya daina karɓa.

Ruwa ya sauka, allunan suka kumbura, suka fara yin ciki, ƙusoshi na leƙowa. 'Yarsu ta zo duba shi, ta tsaya tana kallon bangon.

"Baba, wannan zai tsage fa. Kai ka fi kowa sani."

"Na sani."

"To me kake jira?"

Ya dubi tabon. Maganin ɗaya ne, a bi mahaɗar da zarto a buɗe rata, zarton kuwa ta tsakiyar tabon zai wuce. In an bari, allon ya tsage, a rasa duka.

Ranar da ya ji katakon ya yi ƙara, ya tashi ya ɗauko zarto. Da ya iso wurin tabon, garin katakon da ke zuba ya yi duhu, yana ƙamshin manta. 'Yar ta kawo tsintsiya, ya ce ta bari tukuna.

Ya cike ratar da danƙo kamar yadda ya saba, ya shafe sumul. Da ya bushe, sai ya zauna a wurinta, abin da bai taɓa yi ba, ya jingina kai tsakanin rabin tabon nan biyu. Ya daɗe a haka. Can ya ji wani siririn sanyi yana taɓa masa ƙeya.

"Baba, lafiya?"

Ya share ido da bayan hannu. "Ashe gaskiyar uwarki ce," ya ce. "Tana shigowa."