Zubin Dogo

Shekara ashirin da uku Maikujera ya yi yana auna mazaunan mutane, kuma in ka yi dariya zai yi maka kallon da sai ka haɗiye ta. Aikinsa ke nan a kamfanin tseren motoci, shi ke yi wa direbobi kujera. Kada ka ɗauka irin ta motar haya ce, wadda kowane ƙato zai faɗa kai ya miƙe ƙafa. Motar tsere kujera ɗaya gare ta, kuma don jikin mutum ɗaya ake yin ta. Direba zai shiga mota ya zauna a kan buhun roba cike da kumfa, ya yi tsit ba motsi har kumfar ta daskare, ta ɗauki siffar bayansa da ƙugunsa da kafaɗunsa. Wannan daskararren abin shi ake kira zubi. Daga shi Maikujera yake fitar da kujerar gaske, yana kankara yana shafawa, har sai direba ya zauna ya ce bai ji komai yana tokarinsa ba.

To ga inda fitinar take. Motoci biyu kamfanin yake sawa a tsere, direbobi biyu ke nan, ba uku ba. Da zarar shekarar tsere ta doshi ƙarshe sai duniya ta haukace: wa za a kora, wa za a ɗauka, wa aka gani yana shan shayi da wa. 'Yan jarida su yi ta zuba ƙarya da safe, da yamma su ƙaryata kansu, ko kunya babu. Amma kafin a sa hannu a takarda sai an tabbatar sabon direba zai shiga motar, don haka ake shigo da shi ta ƙofar baya a yi masa zubi. Maikujera kan san wanda aka ɗauka tun wanda za a kora yana barcinsa da minshari.

Kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, wannan kam a ba shi. An bi shi har bakin titi da abin ɗaukar magana, an yi masa daɗin baki, an taɓa aiko masa da agogo a kwali ya mayar ko buɗewa bai yi ba. A gida ma haka yake. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu a rediyo suke jin labarin kamfanin da yake kwana yana tashi a cikinsa. Sai dai shirun nan ya kumbura masa kai. Duk mai magana a wurinsa wawa ne. Ba ya gaisawa da makanikai, ba ya zama a ɗakin cin abinci tare da kowa, kusurwa yake nema ya juya wa mutane ƙeya.

Wadda ya fi tsana kuwa ɗakinta yana kallon nasa, baranda ce kawai tsakani. Yayar matarsa ce, telar kamfanin, mai ɗinka wa direbobi kayan da wuta ba ta ci. Kowa Yaya yake ce mata, har Manaja. Ita ta tsamo shi daga wani ɗan shagon gyaran kushin ta kawo shi nan, kuma wallahi ba ta bari ya manta ba ko na kwana ɗaya.

“Mijin ƙanwata, an tashi lafiya, ko yau ma bakin yana hutu?” in ji ta kullum da safe, kekenta na gudu bakinta na gudu. “Lokacin da na same ka kana cusa wa kujerun bas soso ai kana gaisuwa.”

Sai ya ja tsaki ya maida ƙofa. A ransa yakan ce matar nan ko tana barci bakinta ba ya rufuwa, kuma wata rana sai ta jawo wa kamfanin nan abin kunya.

A ɗakinsa akwai doguwar kanta, a sama can, inda yake jera zubin direbobin da ke aiki. Yana da wata ɗabi'a guda wadda ita kaɗai ce tausayinsa. In direba zai bar kamfanin, yakan sauko da zubinsa ya wanke, ya goge gefuna, ya shafa masa mai har ya yi ƙyalli, ranar sallama ya miƙa masa kyauta. Ba ya haɗawa da ko kalma ɗaya. Aikin kan ci masa sati biyu, don haka da wuri yake farawa.

A bana jita-jitar ta faɗo kan Dogo, direban da ya shekara goma sha ɗaya a motar farko. Ya fara tsufa, ƙafarsa ta fara nauyi a kan totur, jaridu kuma suna ta jera sunayen matasa uku da za su iya gaje shi. Manaja ya fito gaban 'yan jarida ya dafa kafaɗar Dogo, ya ce muddin shi Manaja yana kamfanin nan Dogo na nan. Tir da wannan baki! Ranar Asabar da safe, kamfani ba kowa, shi wannan Manajan ya shigo ta ƙofar baya da wani ɗan gajeren saurayi wanda ya rufe fuska da hula. Maikujera ya yi masa zubi, ya kulle a kabad ɗin ƙasa.

“Mu uku muka sani,” in ji Manaja. “Tsere biyu suka rage, ina son Dogo ya yi su da zuciya ɗaya. In na ji maganar nan a waje, na san inda zan zo.”

Ranar Litinin Maikujera ya taka tsani ya sauko da zubin Dogo, ya ɗora a kan teburi ya fara wankewa. Da rana ta yi ya tafi cin abinci. Yana dawowa ya tarar an lulluɓe zubin da wani shuɗin ƙyalle, irin yadin nan da wuta ba ta ci, wanda a duk kamfanin ɗaki ɗaya ake yanka shi. Ransa ya ɓaci. Wato matar nan har ta kai ga shigar masa ɗaki in ya juya baya! Ya duba kabad, yana kulle, amma wa ya sani? Ya ninke ƙyallen ya jefa a aljihun teburi.

Ranar Talata labari ya fashe. Babu jaridar da ba ta buga ba: an gama da Dogo, kamfani yana yaudararsa ne kawai. Laraba da safe Manaja ya kira Maikujera ofis, ko kujera bai nuna masa ba.

“Yaron can ba zai tona wa kansa asiri ba, ni ma haka. Saura wa?”

“Ranka ya daɗe, shekara ashirin da uku…”

“Ban tambaye ka shekaru ba. Masu kamfani suna son suna kafin Juma'a. In ba ka da wani, naka zan ba su.”

Nan fa Maikujera ya shiga lissafi. Ya tuna shagon kushin, ya tuna shekarunsa, wa zai ɗauki mai yin kujerar tsere da aka kora saboda surutu? Shi, surutu! Sai haushin shekara ashirin da uku ya taso masa gaba ɗaya. Ya sauka ya ɗauko ƙyallen ya shimfiɗa a teburin Manaja, ya ce ranar Litinin an shiga ɗakinsa ba ya nan, ga abin da mai shigar ta bari.

Aka kira Yaya. Ta shigo da tef a wuya tana dariyar wani abu da ta baro a baranda.

“Ƙyallenki ne wannan?” in ji Manaja.

Ta dubi ƙyallen, ta dubi mijin ƙanwarta. Dariyar ta ɗauke.

“Nawa ne.”

“Me ya kai ki ɗakinsa?”

Matar da ba a taɓa yi mata tambaya ɗaya ba ta ba da amsa goma ba, ranar nan sai ta yi shiru. Ta daɗe tana kallon Maikujera, shi kuma yana kallon bango.

“Na shiga dai,” ta ce.

Manaja ya ce ta tattara kayanta zuwa Juma'a. Maikujera ya sauko yana jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya ji. Ya ce a ransa ai ga shi nan, an kama ta ta rasa bakin magana.

Ranar Alhamis yana cikin shafa wa zubin mai, aka banko ƙofa ba sallama. Dogo ne, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ya tsaya yana kallon siffar bayansa a kan teburi.

“Ya yi kyau,” ya ce. “Ka iya wankan gawa, Maikujera.”

“Ban gane ba.”

“Haba malam! Ba ka san sunan da makanikai suke kiran teburin nan ba? Wurin wankan gawa. Har masu shara sun san in ka sauko da zubin mutum, to nasa ya ƙare. Abokan tserena uku na ga ka yi wa haka. Ranar Litinin da hantsi na zo wucewa, na leƙo ta gilashin ƙofar nan, na ga nawa a kwance kana wanke shi. A nan barandar na kira wakilina na ce ya kira jaridu. Tunda za a yanka ni, gara kowa ya ga wuƙar.”

Tsumman da ke hannun Maikujera ya faɗi ƙasa.

“Da hantsi? Ba a rufe yake ba?”

“Rufe da me? Kana tsaye a kansa kana gurza kamar an biya ka.” Dogo ya matso. “Shekara goma sha ɗaya ina zama a hannunka. Ka riga ka sani, ka wuce ni a baranda ko ɗaga ido ba ka yi ba. Da ka kira ni gefe ka faɗa mini da bakinka, da na ce kai mutum ne. Riƙe kyautarka, ba na so.”

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe. Maikujera ya bi shi da kallo. Kowa ya sani, ashe, kowa da kowa, shekara da shekaru, ban da shi. Kuma wa zai gaya masa, mutumin da ba ya amsa gaisuwa?

Ya hau sama da gudu, abin da bai taɓa yi ba. Ya faɗa wa Manaja komai, a ranar ya yi maganar da ta fi ta shekara guda. Manaja ya saurara yana danna waya.

“Na riga na ba masu kamfani suna,” ya ce. “Ba zan koma in ce na yi kuskure ba. Tela kuwa, gobe in na so goma za su yi layi a ƙofar nan. Mai zubi kai kaɗai gare ni, kuma yaron can yana jiran kujerarsa. Ka daina sauko da kaya daga kanta, shi ke nan. Ga ƙyallen nan, ɗauke mini shi. Ja mini ƙofar.”

Ranar Juma'a ya tsallaka barandar nan, taku huɗu, karo na farko a rayuwarsa. Yaya tana zuba almakasai da zarurruka a kwali. Ba ta ɗago ba.

“Yaya,” ya ce. Bai taɓa kiranta haka ba, da “ke” yake kiranta.

“Au, bakin ya dawo daga hutu?”

“Dogo ya zo. Ya faɗa mini.”

“To, madalla.”

“Rufewa kika yi don kada a gani.”

“Da me ka zata? Satar kumfa na shiga yi?” Ta jefa almakashi a kwali da ƙarfi. “Sau huɗu ke nan, in kana son lissafi. Duk ranar da ka sauko da gawarka ka tafi cin abinci ka bar ta a gaban gilashi, lokacin da duk kamfani ke wucewa ta barandar nan, ni nake zuwa in rufe, in ɗauke kafin ka dawo. Wannan karon waya ta tsare ni, ka riga ni. Ashe ma na makara tun da hantsi.”

“Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?”

“Ta ina? Ta ƙofar da kake rufe mini a fuska? Sau nawa na ce tsaya ka ji, ka ja mini tsaki?”

Can ya ce, “A gaban Manaja fa? Da kin faɗa…”

“Da na faɗa kai za a kora, sakarai. Ƙanwata ta ci me, yaran nan su ci me? Kada ka ɗauka don kai na yi. Kai ko a hanya na gan ka kwance, sai na duba agogo kafin in tsaya.” Ta ɗaure kwalin da igiya. “Kuma kada ka kuskura ka ba ni haƙuri, wallahi zan kwaɗa maka kwalin nan. Ƙanwata ma ban gaya mata wanda ya kai sunana ba. Yau za ta tambaye ka. Ka ga dama ka yi mata shirun da ka iya.”

Ta ɗauki kwalin ta rungume. A bakin ƙofa ta tsaya, ta miƙo hannu ɗaya.

“Kawo ƙyallena.”

Ya zaro shi daga aljihu ya ba ta. Ta karkaɗe shi ta saɓa a kafaɗa.

“Daga yau ka nemi mai rufa maka.”

Ya tsaya a baranda yana jin takunta har ta fice daga ginin. Makanikai biyu suka zo wucewa, suka leƙa ta gilashin ƙofarsa, suka dubi zubin Dogo yana ƙyalli a kan teburi, suka dube shi. Ya buɗe baki ya ce musu sannu da aiki. Ba wanda ya amsa.