Kyanwar Hannatou da takardar haya

Ku matso ku zauna, labarin Hannatou zan ba ku, kuma tun yanzu ku sani raina a ɓace yake.

Hannatou 'yar Maraɗi ce. Shekara goma sha ɗaya tana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a wani shagon kago, na masu aika kaya ta jirgi, a Port Saeed nan ƙasar Larabawa, 'ya'yanta biyu suna gida wajen kakarsu. A nan ɗaki guda gare ta a unguwar Karama, cikin wani fulat na haya da aka yayyanka biyar, sai wata kyanwa mai ido ɗaya da ta tsinta bayan kwandon shara, ta raɗa mata Kilishi.

Wata takwas suna raba shinkafa da kifi, sai ƙafar Kilishi ta kumbura. Hannatou ta naɗe ta a mayafi ta kai ta wata ƙungiyar masu ceton dabbobi. Matar da ke karɓa ta tambaye ta, "Taki ce?"

To, wa zai buɗe baki a can garinmu ya ce kyanwa tasa ce? Hannatou ta ce, "Ta Allah ce, ni dai ina ciyar da ita."

Shi ke nan, aka rubuta: ba ta da mai ita.

Da ƙafa ta warke, Hannatou ta zo ɗauka. Aka ce kyanwa yanzu ta ƙungiya ce, sai dai a ba ta riƙo, kuma da sharuɗɗa: biza, raga a taga, takardar haya mai sunanta, da amincewar mai gini a rubuce. Kwana bakwai aka ba ta. Biza tana da ita. Raga da hannunta ta kafa. Takardar haya kuwa sunan Alhaji Halliru ke kai, ɗan kasuwar Kano da ya kama fulat ɗin ya zuba su Hannatou a ciki.

Ta same shi a shago yana shan shayi.

"Alhaji, don Allah ka karɓo min takarda wajen mai gini."

"Takardar me, Madam Faransa?" Haka yake tsokanarta saboda Faransancinta.

"Ta kyanwata."

"Kyanwa! Kina so Balaraben mai gini ya zo ya ƙirga kawunanku ya watsa mu waje saboda mage mai ido ɗaya? Khalas, magana ta ƙare, je ki tsinci wata, sun cika titi."

"Alhaji, kai ma irinka sun cika titi, amma matarka ba za ta yarda a musanya mata kai ba!"

Yaran shago suka tuntsire da dariya, Alhaji bai yi ba. Takarda dai ba ta samu ba.

Rana ta takwas ta koma ƙungiyar da ragowar kifi a leda. Kejin Kilishi wayam. Wasu masu gida da lambu sun ɗauke ta da safe, takardunsu cif. Hannatou ta roƙa ko unguwarsu a faɗa mata, aka ce ba a bayarwa. Ta dangwarar da ledar a kan teburinsu ta fice tana huci.

Ban ce sharuɗɗan banza ba ne, an ga masu jefar da dabba ranar da za su bar ƙasa. Amma ku gaya min, a wata takwas ɗin nan, wa ya taɓa tambayar Hannatou takarda kafin ta ciyar?