Kawu Ermete da Ƙararrawar Feshi

Shekara talatin da ɗaya Kawu Ermete, yayan mahaifiyata, yana kaɗa ƙararrawar feshi a ƙauyenmu da ke tsaunukan Monferrato. Doka ɗaya ya sani: idan tsiron inabi ya kai santimita goma, ɗumi ya kai digiri goma, ruwan sama ya kai milimita goma, to cutar ganye tana tafe. Sai ya hau hasumiyar coci ya kaɗa, kowa ya fita da shuɗin maganinsa.

Bara ƙungiyar manoma ta kafa na'ura mai turo gargaɗi ta waya. Aka ce a gwada ta da Kawu shekara guda, wanda ya kuskure a sallame shi.

Wata safiya a watan Mayu, Kawu ya tarar da milimita goma sha biyu a ma'aunin ruwan samansa da ke lambun bayan gidansa. Ya kaɗa. Rabin gari suka yi feshi, sauran suka duba waya, shiru.

"Ermete, a gidanka kaɗai aka yi ruwan?" in ji maƙwabcinsa Ottavio. "Ƙasa a bushe take kamar sanƙon kanka."

"Ma'aunina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai kuwa tun muna firamare kake yi."

Da rana na je gidan Kawu cin taliya, Gwaggo Nives, matarsa, ta ja ni kicin.

"Ɗana, kai ba ka da surutu. Jiya na ba tumatirina ruwa, tiyon ya kufce mini, ya watsa masa ruwa a kwalbar ma'auninsa. In ya ji, sai dai ka ba ni ɗaki."

Na koma na ci taliyata.

Bayan kwana biyu aka sheƙa ruwa na gaske. Na'ura ba ta ce uffan ba, don zanzaro ya toshe mazurarinta da gini. Mako bai cika biyu ba ganyen inabin Ottavio, wanda bai yi feshi ba, ya yi ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa mai, gonakin da suka bi ƙararrawa kuwa kore shar.

Ƙungiya ta bar wa Kawu igiyar ƙararrawarsa. Yanzu yana gaya wa kowa cewa ma'auninsa yana ganin ruwa tun kafin ya sauko. Ottavio har ya nemi ya saya.

Gwaggo ta mayar da tumatirinta gaban gida. Kawu ya tambaye ta dalili, ta ce can ya fi rana.