Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa

Ƙarfe huɗu da minti goma sha bakwai na yammacin wata Alhamis saƙon ya shigo. Na san mintin domin na rubuta shi. Ni komai rubutawa nake yi.

Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a Bodinga, ina zaune wurin goggona. Gidanmu yana Dandin Mahe, sai ƙarshen mako nake shiga mota in je. Goggo ta ba ni tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi, a cikinta kuma na gano wani kamfani da ke fitar da littattafan da ake karantawa a waya. Duk Alhamis bayan la'asar suna turo jerin littattafan mako: na soyayya, na ban tsoro, na bin sawun masu laifi, na girki, na tarihi. A ƙasa sai labarin marubuta, wance ta haihu, wane ya kammala littafinsa na uku, a sa wance a addu'a tana asibiti. Ina da wani littafin rubutu mai shuɗin bango da nake kwafe jerin a ciki, in sa alama a gefen wanda na karanta.

Ran nan a layi na shida na ga sunan aron da na zaɓa wa kaina. Wata huɗu kafin nan na tura musu ɗan gajeren labari, ban gaya wa kowa ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai idona ya sauka kan bayanin da ke ƙasa: sabuwar marubuciya ce daga Dandin Mahe, labarin ya faru da gaske, kuma za a karanta shi da murya saboda iyayenmu mata da ba su yi boko ba.

Na ajiye wayar a kan tabarma. Ni da kaina na rubuta sunan garin a takardar da suka turo in cike. An tambaya, ni kuwa ban iya barin gurbi ba a cike ba.

Ni ce 'yar fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana a gaban mutane ba. "Ke" take cewa, in ba na kusa kuma "waccan". Ba ta yabona, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma a unguwarmu da ita ake auna mutuncin mace. Inna kuwa da ita ake kwatance in ana yi wa amare faɗa. Abin da ke tsakanina da ita ɗaya ne. Duk Lahadi in zan koma Bodinga, sai in tarar da ƙullin leda a ƙasan jakata, ƙuli-ƙuli ko dakakken yaji ko dambu, ba wanda ya taɓa cewa shi ya sa. Wannan ƙullin shi ne hirarmu duka.

Labarin da na rubuta na ranar da zazzaɓi ya kada ni ne, ina shekara goma sha biyu. Baba yana fadama wajen albasarsa. Inna ta ɗauke ni da tsakar rana ta sa ni a keke mai ƙafa uku muka nufi asibitin Bodinga. Ta ɗauka na suma. Ta ɗora bakinta a kunnena tana kuka, ta kira sunana sau uku. Na ji kafin hankalina ya gushe, kuma shekara shida ban gaya wa kowa ba. Da na zo rubutawa na canza sunayen mutane, amma na bar ɗorawar ƙofar gidanmu, na bar rijiya mai karyayyen baki, na bar direban keken, mai gajeren yatsan nan da kowa ya sani. A ganina canza su ƙarya ce.

Makon farko ba abin da ya faru. Na je gida, na dawo da ƙullina. Na fara cewa wa zai damu da labarin wata ɗaliba.

Asabar ta biyu, a motar zuwa gida, wata mata a bayana ta kunna wayarta. Murya ce ta mace, mai daɗi, tana karatu a hankali. Na gane jimlar kafin ta kai ƙarshenta. A garinmu mata ba sa jiran wani kamfani. Mutum ɗaya ya samu, sai a kai shagon cajin waya a zuba wa kowa, a riƙa saurare ana surfe ana wanke-wanke. Na sauke mayafina har kan hanci.

A bakin rijiya maƙwabciyarmu ta tare ni tana dariya.

"Lale da wadda anka kira sau ukku! Ashe uwakki ta iya sunan naki, muna nan muna ba ta girma?"

Na gaishe ta na wuce. A cikin gida Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ba ƙari ba ragi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ranar Lahadi a mota na zura hannu ƙasan jaka. Ba komai. Da na isa na zazzage ta a kan tabarma, na duba har aljihun da ya yage.

Alhamis ta zo da sabon jeri, a labarin marubuta kuma an ce masu saurare suna roƙon ci gaban labarina. Ban kwafe jerin ba. Na rubuta musu cewa su cire shi. Sun amsa da ladabi, sun cire daga shafinsu, amma sun ce muryar ta riga ta bazu, ba su da yadda za su dawo da ita.

Asabar ta gaba na shiga ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, wadda muke wasa da ita.

"Kaka, Inna ta ji?"

"Ta ji? Gidan suna anka kunna mata shi, tsakar gida cike da mata."

"Me ta ce?"

"Mi za ta ce? Ta ƙare tuwonta, ta wanke hannu, ta taso. Tun ran nan ko barka ba ta zuwa." Ta dube ni da ido ɗaya. "Ke 'yar boko, duk karatun ga naki, kin taɓa ganin an shanya ɗan tofi bakin hanya?"

Ban yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

Lahadi da hantsi na ɗaga jakata na ji nauyinta. Kayana ne kawai. Inna tana inuwar rumbu tana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, ta ba ni baya. Na daɗe tsaye kafin na durƙusa. Ban taɓa fara yi mata magana a kan wani abu da ya wuce gaisuwa da aike ba.

"Inna, zan gaya musu ƙarya na rubuta. Ranar Alhamis za su sanar wa kowa cewa ƙirƙira na yi, ba ki taɓa faɗa ba. In kin yarda."

Ba ta juyo ba. Ta ɗauki albasa ɗaya ta matsa, ta jefa gefe. Ta ɗauki wata. Daga bakin hanya ina jin ana kiran masu zuwa Bodinga. Sai ta yi magana, tana kallon albasar da ke hannunta.

"Kada a ƙara ƙarya bisa abin kunya. Kuma a gaya ma mai rubutun, ba sau ukku ba ne. Har munka kai Bodinga ban daina ba."