Baturen Fata na Naraguta

Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina dukanci a rumfarmu ta Naraguta, lokacin da tsohon Baturen ya fara zuwa yana zama a wurinmu. Bafaranshe ne. Muna ce masa Mushe, yadda mutanen Nijar ke kiran Turawansu, ko da yake wasu a rumfar sukan yi dariya in sun faɗa, don sun san abin da kalmar ke nufi a wajenmu. Shi ma ya sani. Hausar Damagaram ce a bakinsa, ta fi ta yawancin mutanen Jos nauyi.

Ba ya sayen komai. Sai ya ɗauki fatar akuya da aka jeme, ya murza ta, ya sansana, ya ce, "Wannan bagaruwa ba ta ishe ta ba." Kuma in ka duba gaskiyarsa ce.

A hankali na ji tarihinsa. Yana saurayi wani kamfanin ƙasarsu ya turo shi bakin iyakar Nijar sayen fatun namun daji: damisa, kada, mesa. Shekaru ya yi a can, daga shi sai maharba da raƙuma. Da mulkinsu ya ƙare kamfanin ya tattara ya tafi, shi ya ƙi bi. Ya auri wata Babarbariya, ta rasu ba haihuwa. Sanyi ne ya kawo shi Jos, ya kama ɗaki ɗaya a bayan shagon wata mata 'yar ƙabilar Ibo da muke kira Madam, nan gefen Titin Bauchi.

Wata ranar damina, ruwa ya tsare mu mu biyu a rumfa. Ina ɗinkin jaka, sai ya ce, "Malam, ka san yadda ake samun fatar damisa babu huda?"

Na ce, "Tarko, Baba?"

"Tarko yana yaga ƙafa. Harsashi yana ɓata baya. Guba ake sawa."

Ya ce wata shekara da rani ya yi tsanani, ya ba maharbansa gubar da kamfani ke aikowa, ya ce su zuba a wani ɗan tabki da namun daji ke sha. Sun ce masa makiyaya ma suna biyowa ta nan. Ya ce su zuba. Aka samu damisa uku. Kwana biyu bayan haka wani Bafulatani ya zo ƙofar zangonsa, ɗauke da 'yarsa a kafaɗa, ta riga ta sandare. Bai yi faɗa ba. Ya kwantar da ita a kan tulin fatun da ke shanye a rana, ya tsaya yana kallonsa.

"Me aka yi maka?" in ji ni.

"Kwamandanmu mai mulkin yankin ya ce in koma wani gari. Shi ke nan."

Na ajiye basilla.  Da ruwa ya tsagaita ya ɗauki sandarsa ya fita. Na fi wata guda ina ba shi gaisuwa a taƙaice. Ina da 'ya mace a lokacin, ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Sai ya daina zuwa. Madam ce ta zo rumfa da kanta, ta ce, "Oga, Baban nan ƙafa ya ruɓe. Ya ce kai zan kira."

Ciwon suga ne ya ci masa yatsu. Ɗakin na wari, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Ya nuna mini wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. A ciki akwai fatar damisa guda, ɗaya daga cikin ukun nan, wadda ya ɓoye wa kamfani. Ya ce in kai ta nesa da shi, in yi duk abin da na ga dama. Da na ɗaga ta, sai gashin ya zube a hannuna. Asu ya gama da ita tuntuni. Na kai ta bayan gida na ƙone.

Muka kai shi asibiti a keke napep. Likita ya ce sai an yanke ƙafar, ya ƙi. Kwana tara ya yi. Ya rasu da hantsi, Madam na ba shi kunu da cokali.

Mun aika wa ofishin jakadancin ƙasarsu, amsa ba ta zo da wuri ba, gawa kuma ba ta jira. Ba wanda ya taɓa ganinsa a coci ko masallaci. Madam ta roƙi fada, limamin cocinsu, har ya yarda a binne shi a maƙabartarsu. Ni na je kasuwar Katako na sayo katakai, wani kafinta ya buga akwati. Mu shida ne a bakin kabarin, har da masu haƙa biyu. Na tsaya daga gefe da hulata a kaina, ban san irin addu'ar da ta dace ba.

Kafin sati ya zagayo, mai gidan ya sa an yi wa ɗakin fenti, ɗaliban jami'a biyu suka shiga.