Mai Gyaran Agogo da Rabin Ƙwaya

A shekarar 1987 suka fara haɗuwa, lokacin Likita tana sabuwar shiga koyon aikin ƙwaƙwalwa. Shi mai gyaran agogo ne, shagonsa bai wuce taku uku ba. Ciwon damuwa ya danne shi shekara huɗu. Magani shida aka gwada masa, babu wanda ya karɓe shi. Malaminta ya ce ranar Litinin za a koma ga jinyar lantarki, tun da ƙwaya ta gaza.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Kwalbar maganinsa kullum tana ƙarewa daidai ranar da ya kamata. To me ya sa bai taɓa kukan bushewar baki ba, alhali duk mai shan maganin yana yi?

"Baba, kana shan maganin nan kuwa?"

"Ina sha, 'yata."

"Haka ka gaya wa kowa. Ni nuna mini za ka yi."

Ya zaro 'yar wuƙar aikinsa, ya ɗora ƙwaya a kan tebur, ya raba ta biyu daidai wa daida.

"Ɗaya rabin fa?"

"Na Yaya ne. Ciwonmu ɗaya, amma ya ce gawarsa ce kaɗai za ta shigo asibitin nan."

"Shekara huɗu ba ka faɗa ba?"

"Ba a tambaya ba. Ku likitoci agogonku gudu yake yi."

Aka fasa lantarki, aka ba shi maganinsa cikakke. Ita da kanta ta je gida ta duba Yaya. Cikin wata uku mai gyaran agogo ya dawo yana raha da masu kawo gyara.

Da ta zama mai koyarwa, sai ta rasa majinyacin da zai yarda sababbin likitoci su koyi tambaya a kansa, kowa kunya yake ji. Labari ya kai wa mai gyaran agogo, ya zo ba a kira shi ba. Larabar farko ta kowane wata zai zauna, hula a gwiwa, ya amsa abin da aka tambaya kawai, ba ƙari. In wani ya yi saurin rufe fayil, sai ya ce, "Ɗana, har ka gama?"

Shekara goma sha tara yana zuwa. Sai a wurin ta'aziyyarsa matarsa ta gaya wa Likita cewa Laraba ce ranar da ya fi samun aiki, rufe shago yake yi ya taho.