Man Kifi da Tsatsar Jini

Ni ce nake ba Inna maganinta na hawan jini, kuma da tsari nake yi. Da farko sallar asuba, sannan kunu, sannan ƙwaya fara ɗaya da ruwan randa. Haka lokotoro na gidan likita ya ce, haka nake bi. Shekaru muna a kan wannan, ba ta taɓa faɗuwa ba.

Sai yayanmu ya zo daga Maradi, inda yake fataucin hatsi, da wata kwalba cike da ƙwayoyi masu ruwan zuma. Ya ce man kifi ne. Wai jinin mutum yana tsatsa kamar garmar da aka manta a gona, wannan mai kuwa shi ke hana tsatsar.

Inna ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi. Ni ta kalla ta ce, "Mu da ba mu da gulbi, ga kifi ya biyo mu Dakoro cikin kwalba."

Na ɗauki kwalbar na kai gidan likita. Lokotoro ya juya ta ya ce wataƙila ta ɗan taimaka, wataƙila a'a, masana ma ba su gama magana a kai ba. Amma kada a bar farar ƙwaya. Na dawo na faɗa mata daki-daki.

Ta ce, "Ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya, faɗa suke yi."

"To, Inna, a ajiye na Yaya."

"Ke da lokotoron naki, wa ya haife ku? Na mutumin Maradi zan sha."

A lokacin na gane. Abin da kunya ta hana ta faɗa masa tun yana goye, shi take haɗiyewa kowace safiya. Na ci gaba da miƙa farar ƙwaya. Takan karɓa don in bar ta, daga baya in tsince ta ƙarƙashin tabarma. Na kira Yaya a salula na ce ya yi mata magana, kalmarsa ɗaya ta isa. Ya yi dariya ya ce, "Ke dai sarkin doka, soja ya kamata ki zama."

Da bazara ta yi, zafin ɗakin kwano ya manne ƙwayoyin, suka soma ƙarni. Maganin tsatsa shi ma ya lalace. Ba ta fasa sha ba.

Wata rana da hantsi tana tankaɗe, rariya ta suɓuce mata. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi.

Yaya ya iso washegari, ya durƙusa gabanta. Karon farko a rayuwata na ga ta tsura masa ido, leɓɓanta suna motsi, ba abin da ya fito. Shi kuma ya buɗe jaka, ya miƙo mini sabuwar kwalba, ya ce in kula da lokacin ba ta, tunda ni ce mai tsari.